Daga Dakon Bakin Kogi Zuwa Bakin Inji: Tarihin Aikin Ƙwadago da Abin da Ya Bar Mana

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisunmu na Jimeta da Yola, musamman in aka zo batun samarinmu da ba su da aikin yi. Wasu su ce a dai kawo kamfani, ko nawa zai biya, ai da babu gara ba daɗi. Wasu kuma su ce aikin da mutum zai wuni tsaye gaban inji, wata ya ƙare bai iya sayen buhun masara ba, sunansa bauta, ko da an lulluɓe shi da sunan albashi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. To, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu waiwaya mu ga yadda aikin ƙwadago mai ƙaramin lada ya shigo ƙasar nan, abin da ya kawo, da abin da ya tafi da shi.

Kafin zuwan inji

Kakanninmu ba neman albashi ne ya kawo su ƙasar Adamawa ba, fatauci ne da sana'a. Tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suke ratsowa da tufafi da kayan ƙira da na dukanci, su wuce har Ngaundere da Banyo da Tibati, su komo da hauren giwa. Wasu suka sauke kaya suka zauna, ga Wuro Hausa nan a Yola tana ba da shaida. A wancan zamani tufa ita ce dukiya, har ma ita ce kuɗi a nan, don da ƙyallen saƙi da Fulani ke kira leppi ake ciniki a kasuwa.

Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Kano a farkon 1851, ya iso Yola a watan Yuni na shekarar, zamanin Lamiɗo Lawal. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a cikin manyan ma'aikatu ake aikin ba kamar na Turai. Mata na kaɗi a cikin gida, masaƙa na saƙa a zaure, marina na rini a karofi, kowa kuma yana da gonarsa. Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya: wani kaso na audugar da babar da ake rinin da ita bayi ne suka noma a gandayen masu mulki da attajirai. Ke nan cin gumin wani a arha ya girmi inji.

Dakon bakin kogi

Aikin lada irin na zamani ta ruwa ya shigo mana. Tun a shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda daga baya ya zama Kamfanin Neja, ya girke jirgi a kan Binuwai kusa da Yola yana ciniki daga cikinsa. A watan Satumba na 1901 sojan Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Daga nan Jimeta ta fara girma a matsayin tashar jirgi da mazaunin kantuna irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda a 1929 ya rikiɗe ya zama U.A.C.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Gombe da Maiduguri a farkon shekarun 1960, amma bai taɓa zuwa Yola ba. Saboda haka kogi ne hanyarmu, shi ma na 'yan watanni, wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya cika. Jirage su hauro da gishiri da atamfa da kananzir da siminti, su gangara da gyaɗa da auduga da ƙaro da fatu da ƙiraga. Duk wannan kaya a kan mutane yake hawa yana sauka. Leburori su yi ta dako dare da rana kafin ruwa ya janye, in ya janye aiki ya ƙare.

Me ya tura mutane wannan aiki? Haraji. Da Bature ya ce sai da kuɗinsa na ƙarfe za a biya, dole manomi ya noma abin da kanti ke saye, ko ya sayar da ƙarfinsa. Ladan kaɗan ne, amma ya yi tasiri. Shi ya tara jama'a a bakin kogi, ya rayar da masu tuwo da mahauta da teloli da masu gidajen haya. Sai dai a lura da abu guda: gyaɗar da muka ɗauka a ka, a Turai aka matse ta. Audugar kuma a can aka saƙa ta, aka dawo mana da ita atamfa, ta riƙa danne saƙin gida. Mu aka bar mu da dako, ribar sarrafawa tana wata ƙasa. Hanyar ruwan ma ba ta ɗore ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse ta, manyan motoci suka karɓe kaya, sannan madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta sauya yanayin kogin.

Zamanin masaƙu

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta gane wannan asara, ta ce audugar Arewa a saƙa ta a Arewa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, David Whitehead. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles ta Japanawa, sai U.N.T.L. ta attajiran Hong Kong, duk a cikin shekarun 1960. A Kano kuma Bompai ta cika da ma'aikatu, daga baya Sharaɗa da Challawa. Kafin shekarun 1980 masaƙa ta zama masana'antar da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Samari daga ko'ina, har da lardin nan namu, suka kwarara Kaduna da Kano.

A farko albashin bai taka kara ya karya ba, aikin kuma akwai wuya: ƙarar inji, ƙurar auduga, aikin dare, ga tsawar fomanoni. Wani mai bincike ɗan Amurka, Paul Lubeck, wanda ya zauna da ma'aikatan Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu tsofaffin almajirai ne da 'yan ci-rani, kuma burin akasarinsu ba su tsufa a kamfani ba ne, su tara jari ne su koma kasuwa. Wannan halin namu ne da muka sani. Bahaushe yana ɗaukar albashi a matsayin tsani zuwa tireda.

Abin da ya ɗaga darajar aikin ba tausayin masu kamfani ba ne. Da kwamitin Adebo ya ba da ƙarin albashi a 1970 da 1971, sai da ma'aikatan Kano suka yi yajin aiki kafin wasu kamfanoni su biya. Haka aka sake yi a 1975 kan ƙarin Udoji. A 1978 aka haɗe ƙungiyoyin ma'aikatan masaƙu suka zama ɗaya, Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982. Da haka aka samu yarjejeniyar albashi, kuɗin gida, kuɗin mota, asibitin ma'aikata da garatuti. A 1981, zamanin Shagari, doka ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dalar Amurka 200.

Nan ne aka ga amfanin kamfani ƙuru-ƙuru. Albashi ɗaya yana ciyar da gida a birni, ya aika da na taki ƙauye, ya biya kuɗin makarantar ƙanne. Ranar biya kasuwa ta cika, mai shayi da mai wanki da mai gyaran keke kowa ya samu. A bayan masaƙa kuma akwai manomin auduga na Funtuwa da Gusau da Gombe, da masu injin gurza, da direbobi, da dillalan Kantin Kwari. Wato ba albashin leburan kaɗai ne arzikin ba, sarƙar da ke bayansa ce.

Rabonmu: rake da auduga

Mu a nan ba mu samu masaƙa irin ta Kakuri ba. Babban abin da ya faɗo mana shi ne kamfanin sukari na Savannah da ke kusa da Numan. An kafa shi a 1971, mallakar gwamnati, da hannun hukumar raya ƙasashen Kwamanwel ta Ingila wajen gudanarwa. Ya fara fitar da sukari a farkon shekarun 1980, bayan ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, kuma saboda ban-ruwan gonakinsa aka gina madatsar Kiri a kan kogin Gongola a 1982. Filin da aka keɓe masa ya kai kimanin hekta 32,000.

Aikin sukari hawa biyu ne, kuma dole mu bambanta su in muna son fahimtar lissafin. Akwai ma'aikatan dindindin: injiniyoyi, makanikai, direbobi, akawuna. Akwai kuma masu saran rake, waɗanda ake ɗauka da rani lokacin girbi, in kaka ta wuce a sallame su. Rake in an sare shi ba ya jira, dole ya shiga inji cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zaƙinsa ya ragu, shi ya sa ake buƙatar hannu da yawa a ɗan lokaci. Ga manomin da ya gama girbin damina, wannan ci-rani ne a kusa da gida, kuɗin ya zo masa a lokacin da gona ba ta ba da komai. Amma ga wanda gonar tasa ce ta shige cikin filin kamfani, lissafin daban ne. Da yana da hatsin shekara, yanzu yana da ladan watanni. Wannan ne ya sa maganar fili da diyya da ɗaukar 'yan ƙasa aiki ta daɗe tana tasowa a garuruwan da ke kewaye.

A hannun gwamnati kamfanin bai taɓa kai yawan sukarin da aka tsara masa ba. Rashin kuɗin kayan gyara da raunin gudanarwa suka durƙusar da shi, har aka sayar wa kamfanin Ɗangote a farkon shekarun 2000. A Ngurore kuma, a shekarun 1980, masaƙar Afprint ta Legas ta kafa Afcott don noman auduga da gurza ta, lokacin da samun izinin shigo da kaya daga waje ya yi wuya. Ka ga, ko a nan ma auduga muke turawa, saƙar a Legas ake yi. Rabon da masaƙu suka samu, shi ne rabon manomin audugarmu, in sun yi ƙiba ya samu, in sun rame ya rame.

Yadda abin ya rushe

Faɗuwar farashin man fetur ta sa gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Kamfanoni suka rasa kuɗin waje na sayen kayan aiki, aka fara rage ma'aikata. Ba mu manta da abin da ya auku a Jimeta a watan Fabrairu na 1984 ba, lokacin tarzomar mabiya Maitatsine, da ɗaruruwan rayukan da suka salwanta, da kasuwar da ta ƙone. Ba wanda zai ce rashin aiki ne kaɗai ya jawo ta, amma masana da dama sun nuna cewa samarin da birni ya jawo sannan ya kasa ba su abin yi, su ne busasshen itacen da wutar ta kama.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta karye. Albashin ya ƙaru a takarda, ya zube a kasuwa. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Sin ta shiga ƙungiyar a 2001, sannan a farkon 2005 aka soke tsarin kason da ya daɗe yana taƙaita cinikin tufafi a duniya. Atamfa mai arha ta malalo ta Kwatano da Maraɗi, da yawa ta fasa-ƙwauri, har da mai ɗauke da zanen masaƙunmu da tambarinsu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Arewa ta bi ta ba da daɗewa ba, U.N.T.L. ta tsaya a 2007. Dubban ma'aikata suka fita, wasu sun shekara da shekaru suna jiran garatuti, wasu sun mutu ba su karɓa ba. Masu sauran ƙarfi suka koma acaɓa da gadi.

To, a nan ne muke son masu cewa arhar lebura ita ce sirrin masana'anta su tsaya su yi tunani. Lokacin da masaƙunmu suka rufe, albashin ma'aikacin Nijeriya ya riga ya zube ƙasa warwas. Da arha ce ke riƙe kamfani, da ba su rufe ba. Abin da ya kashe su shi ne wutar NEPA da ba ta zama, tsadar baƙin mai da dizal, tsofaffin injuna, tsadar bashin banki, lalacewar irin auduga, da iyakar da ba ta da ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Koriya ta Kudu da ƙaramin albashi ta fara. A shekarun 1960 'yan mata daga ƙauye ke ɗinki a ɗakunan da ba iska a birnin Seoul, har wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a 1970 don a ji kukansu. Amma ƙasar ba ta tsaya a ɗinki ba. Ta riga ta raba wa manoma filaye, ta sa yara makaranta, gwamnati kuma ta tilasta wa kamfanoni su hau mataki na gaba, daga tufafi zuwa ƙarfe da jiragen ruwa da motoci. Da ma'aikata suka yi gagarumin yajin aiki a 1987, albashi ya tashi, masana'antu ba su mutu ba, don sun wuce matakin dogaro da arha.

Bangaladash darasi biyu ta ba mu. A 1979 wani kamfanin ƙasar mai suna Desh ya tura mutum 130 Koriya, wajen kamfanin Daewoo, su koyi aikin ɗinkin fitarwa waje. Cikin 'yan shekaru 115 daga cikinsu suka bar Desh, suka buɗe nasu ko suka shugabanci wasu. Daga wannan iri aka samu masana'antar da ta kai ma'aikata kimanin miliyan 4, da yawansu mata, wadda ke kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa. Bincike ya nuna 'yan matan garuruwan da ke kusa da ma'aikatun sun fi daɗewa a makaranta, don aikin yana son mai iya karatu da lissafi. Darasi na biyu kuwa mai ɗaci ne. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza ya rufta da ma'aikata, mutum 1,134 suka mutu, alhali tun jiya aka ga tsagewa a bango. A lokacin mafi ƙarancin albashinsu taka 3,000 ne, ƙasa da dala 40. Sai bayan wannan musiba aka ɗaga shi, aka tsananta duba gine-gine.

Habasha ta fi kusa da halinmu. Ta buɗe unguwar masana'antu a Hawassa a 2016, tana kiran kamfanonin waje da alkawarin lebura mai arha. Wani rahoto na 2019 ya nuna tushen albashin ya tsaya a wajen dala 26 a wata, ma'aikata kuma suna shiga suna fita kamar kasuwa. Masana tattalin arziki biyu, Christopher Blattman da Stefan Dercon, sun bi masu neman aiki kusan 1,000 a ƙasar. Wasu aka ba su aikin kamfani, wasu aka ba su horo da jarin kimanin dala 300, wasu ba a ba su komai ba. Bayan shekara guda, yawancin waɗanda suka shiga kamfani sun bari, samunsu bai fi na waɗanda ba a ba komai ba, ga ƙarin matsalar lafiya. Masu jari sun fi samu. Amma bayan shekara biyar duka rukunonin sun kusa daidaita. Ma'ana, ba aikin kamfani mai arha ba, ba ɗan ƙaramin jari ba, babu wanda shi kaɗai yake fitar da mutum daga talauci in ƙasa ba ta motsa gaba ɗaya ba.

Inda muke a yau

A Jimeta da kewaye akwai 'yan manyan kamfanoni, irin na ruwan Faro da na abincin dabbobi. Amma inda yaranmu suka fi shiga su ne ƙanana: gidajen ruwan leda, gidajen burodi, injinan casar shinkafa, wuraren buga bulo, masu haɗa kujeru da masu walda. A 2024 doka ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ido ya ninka na 1981 sau ɗaruruwa, amma a canjin shekarar bai kai dala 50 ba. Sannan dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan aikin jinga da aikin gona na lokaci-lokaci ba. Ke nan galibin yaranmu suna wajen inuwarta. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa, amma mu tambayi kanmu, nawa ne cikin yaran unguwa suka taɓa ganin irin wannan takarda? Kuma kada mu ɗauka Rana Plaza labarin nesa ne. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, inda aka kulle su watanni suna aiki lokacin kullen annobar korona.

Gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba ita ce, da yawa daga masu waɗannan ƙananan ma'aikatu mu ne, 'yan uwanmu ne, da su muke zama a ɗaurin aure. Su ma suna da kukansu na gaskiya: dizal, haraji kashi-kashi, tsadar fulawa da leda. Ba mu raina wannan ba. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna arha ba ta ado. Yaron da ake biya abin da ba zai ishe shi abinci da kuɗin mota ba, ba zai zauna ya ƙware ba. Zai yi wata uku ya gudu, a ɗauko sabo, inji ya lalace a hannunsa, kaya su ɓace. Abin da maigida ya tsimi a albashi, ya biya shi a gyara.

Awo uku

In muka tattara duk wannan, za mu ga aikin kamfani mai ƙaramin lada ba alheri ba ne zalla, ba kuma sharri ba ne zalla. Da abu uku ake auna shi.

Na farko, me ya rage a hannun ma'aikaci ranar da ya bar aikin? Ɗan dakon bakin kogi ya tashi da ciwon baya. Yaron Desh ya tashi da sana'ar da ya kafa kamfani da ita. In uba zai bar ɗansa ya shiga gidan ruwa ko gidan burodi, ya tambaya: shekara biyu nan gaba zai iya gyaran inji, ko kwaɓi da gashi, ko riƙe littafin ciniki? In amsar ita ce ɗaukar kaya kawai, to gara ya ƙarasa makaranta, ko a kai shi wajen maigidan da zai koya masa aiki ya yaye shi.

Na biyu, daga ina kamfanin ke sayen kayan aikinsa? Masaƙun Kaduna sun rayar da manomin auduga, injin shinkafa yana rayar da manomin fadamar Binuwai. Kamfanin da komai nasa daga waje yake zuwa, albashin kawai yake bari a gari, ranar da canji ya juya kuma ya naɗe tabarmarsa.

Na uku, ma'aikata suna da bakin magana? A Kano ta 1971, a Koriya ta 1987, a Bangaladash bayan 2013, ba a taɓa samun gyara ba sai da aka yi magana da murya ɗaya. Inda babu ƙungiya, to akwai dattawan unguwa da shugabannin kasuwa da na sana'o'i, waɗanda tun kaka da kakanni su ke shiga tsakanin maigida da yaronsa. Ba abin kunya ba ne a zauna a rubuta: ga lada, ga ranar biya, ga awannin aiki, ga wanda zai ɗauki magani in inji ya ci hannu. Ƙofar fita kuma kada a sa mata kwaɗo da dare.

Ga hukuma kuwa, kiranmu shi ne kada a tallata jiharmu da cewa mutanenta arha gare su. Arha tana ko'ina, kullum akwai ƙasar da ta fi mu yunwa. Abin da mai jari ke nema, wanda ya gagare mu shekara arba'in, shi ne wuta tsayayya, hanya mai kyau zuwa Gombe da Jalingo da Mubi da iyakar Kamaru, da matasan da suka iya karatu da aikin hannu.

Kakanninmu sun zo ƙasar nan da sana'a a hannu, shi ya sa aka karɓe su, aka ba su masauki, suka zama 'yan gari. In za mu bar wa jikokinmu wani abu, to ya zama irin wannan ne. Allah Ya sa mu dace, Ya ba masu nema sa'a, Ya ba masu ba da aiki ikon biyan haƙƙi.